Hannun Usta Abdulghani Bai Yi Rawa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Usta Abdulghani, babban gwanin aikin ƙarfe, a gidansa da ke unguwar Hindawiyya a Jidda, yana da shekara sittin da takwas, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sallah bayan la'asar.

Usta, tun ranar da muka dawo daga maƙabarta nake son in rubuta maka kalmomi masu sanyi irin waɗanda suka dace da mamaci. Sau uku na zauna, na kasa. Raina a ɓace yake. Mutuwa kam umarni ta cika, ba ni da ta cewa da ita. Da mutane nake fushi, kuma ni ma ina cikinsu.

Shekara goma sha uku muka yi tare a warsha ɗaya, wato shagon aikin ƙarfe mai lasisin gyaran bindigogin farauta, a unguwar masana'antu ta Jidda. Kai ne a kan injin yankan ƙarfe, ni kuma aka ɗauko ni daga Kaduna in riƙa auna abin da aka yanka. Ranar da na fara aiki ka dubi takardun digirina, ka ajiye su gefe, ka tura mini gurasar tamis da wake, ka ce in fara ci tukuna. Da ka ji daga inda na fito, sai ka ce kakanka ma da ƙafa ya taho daga Haɗeja, saboda haka ni ɗan gida ne. Daga ranar har na kawo iyalina, ban taɓa shan ruwan azumi ni kaɗai ba.

Matan Hindawiyya sun san ƙofarka, don kai kake wasa musu wuƙaƙe da almakashi duk ranar Juma'a. Tsohon nan maƙwabcinka da ƙafar keken guragunsa ta karye, aka ce sai an yo odar kayan daga waje, kai ka auna da ido, ka yanko masa sabuwa washegari. Amma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: kana da taurin kai, kuma bakinka da kaifi. Ni kaina na sha shi.

A kan sakatar bindiga aka fi jin bakin naka. Ita ce ƙarfen da mafarauci yake ja baya, ya tura gaba, ta shigar da harsashi ta kulle. Shekarun nan aka shigo da yayin yi mata tsaga a jiki, wasu miƙaƙƙu, wasu a murɗe kamar igiya. Ba ka taɓa cewa tsaga ba ta da amfani ba. Kai ne ma ka nuna mini cewa a dajin rairayi tana ba ƙasa wurin faɗawa, sakata ta ci gaba da tafiya maimakon ta cije. Ka yarda tana rage nauyi, sai dai kakan yi dariya ka ce nauyin da take ragewa bai wuce na dabino uku ba, wanda ya damu ya rage cin abincin rana. Amma kakan lissafa wa mai bindiga sauran gaskiyar tun kafin ka taɓa ƙarfensa. Inda aka yanka, danshin tekun Jidda zai fara ci da tsatsa idan ba a sake shafe shi ba. Tsaga mai kaifin baki tana kama harsashin da ke ƙasa. Mai zurfi kuwa, wadda ta matso kusa da kunnuwan da ke kulle sakatar, ita kake cewa ko wa ya aiko ba za ka yi ba. Taka tsagar guda shida ce, miƙaƙƙu, marasa zurfi, kuma a cikin shekarun nan duka ban ga an dawo da ko ɗaya ba.

Sai Bandar, ɗan mai warshar, ya karɓi ragama daga hannun mahaifinsa. Shi abin da ke kyau a hoton waya ya sani. A watan Satumba wani mafarauci mai suna Thamer ya kawo bindigarsa, yana son murɗaɗɗiyar tsaga mai zurfi, daga wutsiya har kai. Ka auna, ka mayar masa, ka ce, “La, ya waladi. Wannan ba zan yanka ba. Za ta cije maka a inda babu usta.” Bandar ya ce wa Thamer ya bar ta, zai shawo kanka, sai ya ɗauke ta ya sa aka yanka a sabon injin kwamfuta. Ni na auna bayan an gama. Na ga zurfin ya wuce kima, na gaya wa Bandar da murya ƙasa-ƙasa, ya ce halas, magana ta ƙare, na yi shiru.

Bayan mako biyu Thamer ya dawo yana huci. Sakata ta cije masa a daji, ba gaba ba baya, da harsashi a maƙale, ga 'ya'yansa a cikin mota. Allah ne ya tsare. A gaban ma'aikata duka Bandar ya nuna ka, ya ce a yi haƙuri, tsoho ne, hannunsa ya fara rawa. Ka juyo ka dube ni, Usta. Ma'aunin yana hannuna. Na tuna cewa Bandar ne kafilina, a hannunsa izinin zamana yake, iƙamata kuma saura wata biyu ta ƙare, yarana suna makaranta, sai na sunkuyar da kai. Ka naɗe rigar aikinka, ka yi sallama da kowa har da ni, ka fita. A gida ka ce musu ka gaji ne ka ajiye aiki.

Na ɗauka abin ya tsaya nan, in ci gaba da jin kunyata ni kaɗai. Sai ga Bandar a zaman makoki, rana ta biyu, ya zauna a kujerar gaba da kofin gahawa, yana gaya wa jama'a cewa marigayi ya yi musu aiki har hannunsa ya gaza, su kuma suka rufa masa asiri. Rufa asiri! Mutumin da ya ɗora maka laifinsa kana raye, ya biyo ka har ƙofar gidanka ya sake ɗora maka kana kabari, ana ta ce masa Allah ya saka. Ina zaune kujera huɗu tsakanina da shi, wannan karon ma ban ce uffan ba.

Maganar ta tsallaka wurin mata. Washegari da safe babbar 'yarka Zakiya ta turo mini saƙon murya da Hausarta ta 'yan Jidda. Ta ce, “Ammi Lado, wallahi ba mu sani ba. Sahih, da gaske Baba ya ɓata bindigar mutum, ya kusa kashe yara? Shi ya sa ya daina fita? Ka faɗa mini gaskiya, ana bintak, 'yarka ce ni, ba zan gaya wa Mama ba.” Kwana huɗu ke nan ban ba ta amsa ba, don ban san yadda zan faɗi rabin gaskiya in ɓoye nawa rabin ba.

To, ga amsar, 'yata, a rubuce, inda kowa zai karanta. Hannun mahaifinki bai yi rawa ba. Bai taɓa sakatar nan da inji ba, ƙin ta ya yi. Wanda ya sa aka yanka shi ne ya yi masa ƙarya, wanda ya auna ya yi shiru kuma ni ne. Ki gaya wa Mama. Idan Thamer yana son ji daga bakina, ya zo, kuma duk abin da wannan takarda za ta jawo wa zamana a ƙasar nan, na karɓa.

Allah ya jiƙan Usta Abdulghani, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya haskaka shi, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Ummukulthum, da Zakiya, da ƙanwarta Joud, da jikoki, da duk jama'ar Hindawiyya. Allah ya ba ku haƙuri. Marigayi kam na makara wajen neman gafararsa. Ku da kuke raye, ina roƙon ku yafe mini.

Injiniya Lado Abdulkahar
Aziziyya, Jidda