Malam Tanimu da Mutumin da Ya Bari a Rijiya

Ku da kuka san Malam Tanimu ba sai na gaya muku kalmarsa ba: "Saura kaɗan." Ka tambaye shi ko ya gama cin tuwo, saura kaɗan. Ka ce ya tashi daga tabarmarka za ka yi salla, saura kaɗan. Alƙalami a kunne, garin alli a gemu, keke ba birki, haka ya yi shekarun nan na bayan samun 'yancin kai yana yawo daga wannan makaranta zuwa waccan, yana cewa shi marubuci ne, koyarwa kuwa taimakon hukuma yake yi. Ni Hanne 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa. Al'ada ta ba ni bakin tsiya a kansa yana raye, ban kuwa ga dalilin dainawa don ya mutu ba.

Marubuci wai! Labari ɗaya tak gare shi, na wani falke mai suna Bawa da ɓarayi suka sace wa jaki ya bi sawu. Lokacin rubutu babu, takarda kuma rowa ta hana shi saye, sai ya gano dabara a makarantar Maska. Duk safiya idan lokacin shibta ya yi, sai ya tsaya gaban allo ya riƙa faɗin labarin daga kansa, yara na rubutawa a littattafan da iyayensu suka saya. Da yamma yaran su karanta wa iyayen a gida. Ya sami magatakarda kyauta, ya sami masu sauraro, ga albashi na tafiya.

Ana nan mai duba makarantu ya zo daga Katsina. Ya tambayi yara bakwai sau takwas, ba yaron da ya sani. Ya ɗauki littafin wani yaro don ya ga abin da ake koya musu, sai ya nemi benci ya zauna. Ya karanta har ƙarshe, ya ɗauki na wani ko akwai ƙari.

"Malam, ya ga jakin kuwa?"

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

"Lissafin fa?"

"Shi ma saura kaɗan."

Wata bai ƙare ba aka ɗauke shi aka jefa Gozaki.

Mutanen Maska suka dame shi da aike, suna son jin inda Bawa ya kwana. Maigidana Isiyaku direban motar auduga ne, yana zaga kasuwannin ƙauye yana kwasowa zuwa Funtua, sai Tanimu ya mai da shi gidan rediyonsa. Idan ya isa Maska, ya hau kan buhuna ya yi shela: "Malam ya ce a gaya muku Bawa ya ƙetare gulbi lafiya." Haka ake yi har ranar da saƙon ya zama: "Bawa ya faɗa tsohuwar rijiya, ba kowa kusa." Ranar kasuwa ce, ga baƙi daga ƙauyuka da ba su san wani labari ba. Gida uku masu Bawa a wajen ci-rani suka ɗora hannu a ka. Da gaskiya ta fito, da ƙyar Isiyaku ya sha, ya dawo da rigarsa a yage.

Na tare Tanimu da maganar, ko kunya babu ya gyara hula. "Hanne, kin ga ƙarfin alƙalami ke nan."

"Na ga ƙarfin sanda dai. Jefa shi ka yi, to fito da shi."

Ashe nan gizo ke saƙar. Ya jefa mutum rijiya bai san yadda zai fito da shi ba. Shekara ta zagayo yaran Gozaki na rubuta tunanin da Bawa ke yi a ƙasan rijiya. Ya tuna uwarsa, ya tuna jakinsa, ya ƙirga kwaɗi.

Kowane hutu gidana yake sauka, wai ya zo kammalawa. Abin da yake kammalawa tukunyata ce. Wata rana na gaji na ce, "Kai, ka sa wata mata ta zo ɗibar ruwa mana, ta jefa guga, ya kama igiya."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Mace ta fito da Bawa? Tsaya ga tuwonki. Namiji da dabararsa yake fita."

Don ya gano dabarar, washegari da hantsi, maza duk sun fita, ya tuɓe riga ya bi matakan rijiyar gidana ya sauka. Mataki ɗaya ya zube a ƙarƙashin ƙafarsa. Ina daka na ji murya daga ƙasa, siririya: "Hanne. 'Yar kawu." Na leƙa na gan shi tsaye cikin ruwa har ƙirji, alƙalamin na nan a kunne.

"Malam, an gano dabarar?"

"Jefo igiya."

"Saura kaɗan, bari in gama dakan nan."

Sai da na tankaɗe garina tsaf, sannan na kira matan maƙwabta muka jawo shi kamar guga. Na ce to ga ƙarshen labari Allah Ya nuna maka da idonka. Yana rawar sanyi ya ce, "Ni malamin makaranta ne. Bawa falke ne, ya fi ni wayo."

Daga baya aka mai da shi Malumfashi, hedimasta ya hana shibtar Bawa, mutum ya ci gaba da zama a rijiya. Akwai wani tsoho a Gozaki, Baba Ranau, Bamaguje manomi da idonsa ya mutu, jikarsa ce ke karanta masa. Wani hutu, Tanimu na gidana, sai ga Isiyaku ya sauko da tsohon daga kan buhunan auduga, rungume da zakara.

"Malam, ka fisshe shi hakanan," in ji tsohon. "Ni na taɓa haƙa rijiya, na san sanyin ƙasa. Ni ma ramina ya matso, ba ni so in tafi in bar shi ciki."

"Saura kaɗan, Baba."

Tanimu ya cinye zakaran har ƙashi. Wannan kam ban yi dariya ba, haushi na ji, na kuma gaya masa. Damina na faɗuwa Baba Ranau ya mutu. Da labarin ya iso, Tanimu ya zare alƙalamin daga kunnensa ya sa aljihu, ban sake ganinsa a kunne ba.

Ciwon ajalinsa a gidana ya yi shi, ana cikin yaƙin basasa. Wata safiya ya ce in kira masa 'yata Ladi da littafinta.

"Rubuta," ya ce, murya ba ƙarfi. "Sai ga wata mata ta zo ɗibar ruwa. Ta jefa guga. Bawa ya kama igiya."

Na ce, "Wace mata ce haka, Malam?"

"Wata mai baƙin baki. Sai da ta gama dakanta." Ya numfasa. "A gaya wa mutanen Gozaki. A fara da gidan Ranau."

Isiyaku, wanda ya rantse ba zai ƙara ambatar sunan Bawa a kasuwa ba, shi ya tafi ya tsaya a ƙofar gidan tsohon ya faɗa. Kafin ya dawo mun kai Tanimu makwancinsa. Jakin dai har yau ba a gan shi ba.

Allah Ya jiƙanka, ɗan gwaggo, Ya yafe maka zakaran Ranau. Ramin da kake ciki Allah Ya yalwata shi, Ya sa haske. Ranar da za ka nemi rahama, kada a ce maka saura kaɗan.