Molon Bazabarme da Yatsan Mma

Ko me zan manta a duniya, ban da hantsin da wani tsoho ya shigo gidanmu a Moshi Zango da molo a hammata.

Lokacin mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ta dawo daga babban asibitin da ke wajen Bantama da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Wannan mun karɓa, ƙaddara ce. Abin da ya ɗaga mana hankali shi ne ta daina magana, ta kuma ƙi abinci. Matar da in tana cinikin koko har ƙarshen layi ake jin muryarta, yanzu in an kawo cokali sai ta juya fuska bango. Likita ya ce in ta ci gaba haka, sai an mayar da ita an zura mata roba ta hanci. Ni kuwa na san Mma: baƙin cikin robar zai riga cutar kai ta ƙasa.

Tsohon nan maƙwabcinmu ne, Bazabarme mai gyaran takalma. Mma kuma Bagobira ce, kuma tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Tun ina yarinya ban taɓa ganin sun rabu ba tsiya ba. Shi ya ce mata baiwarsa, ita ta ce molonsa kukan akuya ne.

Yayana ya tare shi a bakin ƙofa. "Baba, kiɗa a kan mara lafiya? Gobe Zango duka za a ce bori muke yi."

"Ba waƙa, ba kirari, ɗana. Zama kawai zan yi kusa da baiwata."

Na ce a bar shi ya shiga. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ya zauna kan tabarma, ya daɗe bai taɓa molon ba, yana kallon yadda ƙirjinta ke ɗagawa yana sauka. Can ya fara taɓa tsirkiya ɗaya a hankali, daidai da numfashinta. Ba take ba ne da wani ya sani, nan take yake ƙaga shi. Ina matsa mata ƙafa, sai na ji nawa ƙirjin ya saki, hawayen da na daɗe ina ɓoyewa suka zubo.

Sai na ga yatsanta na hagu yana bugun katifa. Shi ma ya gani, ya bar numfashin ya bi yatsan. Ta ƙara sauri, ya ƙara. Na gane bugun: lugudenta ne, irin wanda take yi da taɓarya in tana dakan gero. Ita ce ke ja, molo na biye da ita.

Ana cikin haka ya kuskure bugun. Yatsa ya tsaya. Ya gyara, suka ci gaba, ya sake kuskurewa. Raina ya ɓaci, har na ɗago zan yi magana, sai na ga tsohon yana danne dariya. Ashe da gangan yake.

Mma ta juyo daga bango, ta harare shi da ido ɗaya mai lafiya. Da ƙyar kalmomin suka fito: "Bazabarme... har yau... ba ka iya ba."

"To yaya zan iya, Bagobira? Tun safe ban karya ba. Wannan baiwa ba ta ciyar da ubangidanta kraa, ko loma ɗaya!"

"Ku ba shi... koko."

Na kawo da gudu. Ya ture kofin. "Ni ba na shan kokon Gobirawa sai mai shi ta fara kurɓa. Wa ya san abin da ta sa a ciki?"

Ta buɗe baki. Na kai mata kofin. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, tana hararar sa. Yayana ya fita tsakar gida yana share ido da hularsa.

Ba a sa mata robar ba. Hannun bai dawo ba, amma bakin ya dawo, kuma tsohon ne ya fi kowa shan tsiyarta har Allah ya karɓi ransa.

Abin da ranar ta koya mini ke nan: mu da muke sonta mun yi ta lallashi da "sannu" har muka mayar da ita abin tausayi. Shi kuwa ya saurare ta, ya bar ta ta ja gaba, sannan ya bar mata kuskuren da za ta gyara. Yanzu in na je dubiya ba na cika ɗaki da sannu. Nakan zauna in nemi yatsan da ke motsi.