Ka Gaya wa Waccan

Ka yarda ko kar ka yarda, ni ɗin nan da ake kashe rediyo a fada, wato majalisarmu ta hira, in na iso don ba a son hayaniya biyu, an taɓa yin lokacin da na yi shiru a garin Matameye har mai shayi ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi ne. In kana ganin ƙari na yi, tasha ba ta da nisa, je ka tambayi masu kabu-kabu. Za su ce maka rabin maganata iska ce, amma wannan ɗaya za su tsaya mini shaida.

Rumfata tana bakin tashar. Ina cajin salula, ina saida kiredin kira da megan intanet, ina sa wa dattawa wa'azi, ina sa wa samari waƙa, wani lokaci in musanya musu don in ga abin da zai faru. Saboda haka a danginmu ni ne injiniya. Ko fitila ce ta mutu, ni ake aika wa yaro.

Yayata ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Mijinta Alhaji ɗan kasuwa ne, yana jigilar kaya tsakanin Kano da Damagaram, kwanansa a mota ya fi kwanansa a gida. Ƴarsu ta fari tana ajin ƙarshe na kwaleji a lokacin, kuma kan yarinyar nan, in ka ba ta lissafi sai lissafin ya nemi hanyar gudu.

To ka san kunyar ɗan fari. Kowa yana yi, amma Yaya ta ɗauke ta kamar aikin gwamnati. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba. Waccan take ce mata. In gishiri take so, bango take gaya wa, ta ce gishiri ya ƙare a nan, sai ka ga gishiri ya taso daga ɗaki da ƙafafu biyu. Alhaji kuwa ya fi ta. In suka yi kiciɓis da ƴar a zaure, sai ya ɗaga kai yana duba rufi kamar yau aka yi shi.

Da mushe, wato malamin ajinsu a lakwal, ya ce za a riƙa tura darasi a gurup na salula, dole Alhaji ya sayo salula daga Kano. Bai miƙa mata ba. Ni ya miƙa wa, tana tsaye a gefena har ina jin numfashinta.

Ya ce, “Auta, ka gaya wa waccan, ranar da na ji wata magana ta fito daga cikin abin nan, ranar ta gama lakwal.”

Na juya na gaya mata, ita kuma ta ce in ce masa ta ji. Na juya na ce masa ta ji. Da ina da hankali, a ranar zan gane ramin da na faɗa.

Bayan ɗan lokaci Yaya ta je biki a Kance, ta dawo da labarai cike da kunne, na ƴan mata da hotunansu suka zaga gari. Ta aika aka kira ni, ta ajiye mini dambu da zogale mai ƙuli, ta jira sai da na cika baki.

“Ka sa mini ido a kan abin hannun waccan. Duk abin da ka gani ka gaya mini. Rantse.”

Na rantse da cokali a baki.

Aikin kam na yi shi. Na shiga wannan dandali na bidiyo da yara suke rawa a ciki, na rufe shafinta yadda baƙo ba zai gani ba kuma ba zai yi mata magana ba, na kashe abin da ke nuna inda take, na ɗaure salularta da tawa har da lokacin da za ta kulle kanta. Na ji ni wani ne. Na ce wa ƴan fada ko iska ta zo shiga salular nan sai ta nuna mini takarda.

Abin da ban sani ba, na zama tafinta. Kullum bayan la'asar ina tsakar gidan Yaya a kan turmi, uwa a dama, ƴa a hagu, tsakaninsu ba ya wuce tsawon tabarma.

“Ka tambayi waccan wace ce mai jan baki da ta sa mata hoton zuciya.”

“Kawu, ka ce mata ƴar ajinmu ce.”

“Ka ce mata ƴar ajin da take jan baki ba karatu take ba.”

“Kawu, ka ce mata ita ce ta biyu a aji.”

“Ka tambaye ta wa ya yi na ɗaya.”

“Kawu, ta sani.”

Wuyana har ya koyi juyawa shi kaɗai. Ga shi matan unguwa sun ji labari, kowace ta kwaso salular ɗanta ta kawo mini. Yara suka sa mini suna jandarman salula, in sun hango ni sai su sake hanya. Ko rake na tsaya sha wajen mutanen Dungu, salula tana rawa a aljihuna, wani yaro a wani gida yana neman ƙarin lokaci.

Wata rana da tsakar rana, an tashi lakwal, sai ga ta a rumfata. Ta miƙo salula ta ce in sa mata caji. Na duba, batir a cike. Na duba fuskarta, ita ce ba caji.

Ta ce, “Kawu, rantse ba za ka gaya wa Inna ba.”

Na ce, “Ke, ni rantsuwata tana da tsada yanzu.”

Ba ta yi dariya ba. Yarinyar da ko tari na yi sai ta ce na yi shi a karkace. Sai na rantse.

Ashe da na rufe mata ƙofa, taga ta buɗe. Ta yi wani shafi a salular ƙawarta, ta ƙara wa kanta shekaru, inda kawu ba ya gani. A can wata ta yi mata magana, wai Hajiya ce mai shagon kitso a Kano, wai ana gasar kitso, wadda ta ci za a ba ta salula babba. Aka yi ta hira, ƴata kaza, ƴata kaza. Yarinya ta cire ɗankwali a ɗaki, ta ɗauki hoton kitsonta har da fuska, ta tura. Washegari Hajiya ta turo bokal, wato saƙon murya, sai ga muryar ƙato. Ya ce ta ƙaro wasu hotuna irin waɗanda zai faɗa, in ba haka ba zai watsa wannan a gurup-gurup na gari, kuma zai tura wa ubanta. Ya karanto mata lambar Alhaji daidai. A wani bidiyo ya gan ta, ta tsaya gaban shagon uban, allon shagon mai ɗauke da lambar yana bayanta.

Na ce kar ta amsa, kar ta tura komai, kar ta goge komai. Muka karɓo salular ƙawar, na ɗauki hoton saƙonnin duka, na kai ƙarar shafin a cikin dandalin, na toshe shi. Kafin la'asar ya ɓullo ta wata lamba, don ta riga ta ba shi tata tun zamanin yana Hajiya. Na toshe, ya sake ɓullowa. Na so in yi masa bokal in zage shi tun daga kakan kakansa, ta riƙe hannuna ta ce in na fusata shi ta mutu.

Na san abin ya fi ƙarfin rumfata. Sai hukuma, wato jandarma, kuma jandarma ba za su saurari kawu mai caji a kan yarinya ba sai sun ga uwa ko uba. Uba, in ya ji, lakwal ta ƙare, ga jarrabawa ta ƙarato. Uwa, na rantse ba zan gaya mata ba. Uwar nan kuma na rantse zan gaya mata komai. Na duba gaba bango, na duba baya bango.

Nan ne na yi shirun da na ce maka. Na daina zuwa gidan Yaya. In ta aiko in ce ciki ke ciwo. In na ga mace da mayafi irin nata sai in nutse ƙarƙashin tebur cikin wayoyin caji. A fada aka kunna rediyo, har aka ji labarai daga farko zuwa ƙarshe, abin da ba a taɓa yi ba. Ita kuma yarinyar kullum ta biyo ta rumfa, ta nuna mini sabon saƙo, ta tafi. Tana ramewa ina ramewa, sai dai ni ina da inda zan rage.

Na je wajen Malamin unguwarmu bayan azahar. Na ce, “Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya yi rantsuwa biyu, suna karo da juna.”

Ya ce, “Abokin naka yana da rumfa a tasha?”

Na ce, “Kusa da nan.”

“Ka ce masa ya bi wadda ta fi alheri, ya yi kaffarar ɗayar. Ya ciyar da miskinai, in ba hali ya yi azumi. Kuma ya rage rantsuwa a kan kowace caja da yake saidawa.”

Azumin bai dame ni ba, ko da yake ni da azumin nafila gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abin da ya dame ni, duk duniya yarinyar nan mutum ɗaya ta samu da za ta kai wa kuka. In na kai ƙararta a ɓoye, gobe ko wuta ta kama ta ba za ta gaya wa kowa ba. Don haka na tare ta na ce, “Gobe zan zo gida. Ba zan faɗa ba, amma na daina tsayawa a tsakiya.” Ta ce na ci amana. Na ce na ji.

Na tarar da Yaya tana yankan kuɓewa, ƴar tana wankin kayan lakwal a bakin rariya. Yaya ba ta ɗago ba.

“Cikin ya warke? Me ka gani a abin waccan?”

Na ce, “Yaya, na rantse miki, na rantse mata. Akwai magana, kuma babba ce. Ga ki, ga ta.”

Na ajiye salular da hotunan saƙonnin ke ciki a kan tabarma, na ja turmina can jikin bango na zauna.

“Ka ce mata…”

“Ba ni cewa.”

“Auta.”

“Yaya, ko za ki yanka ni da wuƙar nan.”

Wata kaza ta shigo, ta dube mu, ta ga ba wurin zama ba ne ta fita. Hannun yarinyar yana cikin ruwan sabulu. Yaya ta daɗe tana kallon bayan ƴarta, kamar yau ta lura ƙashin wuyanta ya fito. Sai ta ajiye wuƙa, ta kira sunan.

Sunan ya fito da ƙara kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Yarinyar ta waiga wajen zaure, ta zaci baƙuwa ce ta shigo. Da ta gane, sai kuka. Yaya ta kama hannunta da sabulun da komai suka shiga ɗaki, aka saki labule. Ni injiniya aka bar ni da kuɓewa.

Da safe Yaya ta yafa babban mayafinta muka tafi wajen jandarma mu uku. Suka duba saƙonnin, suka karɓi lambobin, suka ce mun yi daidai da ba mu tura masa komai ba. Muka rufe shafin taga, na canza mata lamba. Ko sun kama shi ban sani ba, kuma hoton yana hannun wa yanzu, Allah kaɗai ya sani. Shi ya sa Yaya ta ce ba za ta jira Alhaji ya ji a bakin kasuwa ba, ita za ta gaya masa.

Ya dawo daga Kano, ya ci abinci, ta gaya masa. Ba a daɗe ba aka aiko in zo. Na tarar an ajiye mini turmin a tsakiya, inda na saba. Alhaji yana kan kujera yana kallon reshen darbejiya, yarinyar tana durƙushe, jakar lakwal a jikinta ta rungume.

Ya ce, “Auta, na faɗa tun farko. Ka gaya wa waccan daga gobe ta ajiye jakar nan.”

Mutumin nan shi ya kafa mini rumfa, ban taɓa ce masa a'a ba. Na buɗe baki, wuyana ya fara juyawa shi kaɗai yadda ya saba, idona ya faɗa a kan hannunta da ke damƙe da jakar. Sai na mayar da bakin na rufe.

Abin da ya sa har yanzu nake ganin jakar nan tana wucewa ta gaban rumfata kowace safiya shi ne, Yaya ta miƙe, ta kama rigata ta ɗaga ni daga kan turmin, ta ture shi gefe da ƙafa, ta juya wajen mijinta.

“Alhaji, tafinta ya yi ritaya. Ga ta nan gabanka, ba kurma ba ce. In za ka cire ta daga lakwal, dube ta, kira sunanta, ka gaya mata da bakinka.”