Rigar Farauta a Kan Kabbasa

Shekara uku maigidana yana zuwa farautar barewa da kwari da baka, bai taɓa dawowa da ko kofato ba. Ni kuwa na samu abin tsokana. Duk Asabar ta kaka, da na ji tsayuwar motarsa a bakin ɗan gidan da muke haya a Glenwood, nan ƙasar Turawa, sai in leƙo in ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Baka. Babbar tukunya zan ɗora ko ƙarama?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗora ta shayi."

Sana'arsa gyaran na'urar ɗumama gida. Wani tsohon Bature manomi da ya yi wa aiki can wajen gari ne ya ba shi izinin shiga dajin bayan gonarsa, ya kuma koya masa yadda ake yi a nan. Ba irin farautarmu ba ce ta ganga da karnuka da ihu. Mutum shi kaɗai zai hau bishiya, ya zauna a wata 'yar kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikinta, ya yi tsit tun asuba har hantsi, yana jiran barewa ta matso inda kibiya za ta kai. Na ce masa wannan ba farauta ba ce, gadi ne.

A shekarar farko na tsinci kayan dajinsa a ɗakin ajiya na bayan gida, cikin baƙar leda, an cusa su tare da busasshen ganye har da ƙasa. Na buɗe, warin ruɓaɓɓen ganye ya buge ni. Na ce oh, maza! Ni a Maiduguri aka raine ni. Da zan taho, mahaifiyata ta bar atamfofi biyar a baya don kwalaben turaren wuta su samu wuri a akwatina, da kabbasa, wato ɗan kejin nan da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi. Ta ce ko shara mijina zai fita zubarwa, kada ya fita ba ƙamshi.

Don haka duk Juma'a, idan ya wuce masallaci, sai in zazzage ganyen, in wanke kayan, in ɗaure bakin na'urar nan ta silin mai ihu idan ta ji hayaƙi da leda, in hura gawayi. Riga, wando, hula, har safa, sai kowanne ya sha ya ƙoshi. Ranar farko da ya buɗe ledar ya kalli kayan, sannan ya ce, "Allah Ya yi albarka." Na ji daɗi ƙwarai.

Lokacin sabuwar zuwa ce ni. Ban san kowa ba, ba ni da aiki, maƙwabtanmu ɗalibai ne da ke wucewa a keke ko sannu babu. Nakan wuni a bakin taga ina kallon ganyaye suna ja suna zuba, in yi kuka in share. Amma idan hayaƙin nan ya tashi, sai in ji kamar ina tsakar gidanmu. Ina kewar waɗannan Juma'o'in har yau, duk da ɓarnar da nake yi a cikinsu.

A kaka ta huɗu surukina ya zo a cire masa yanar ido. Baba maharbi ne na gaske, gadon uba da kaka, kuma cikin 'ya'yansa maza shida babu wanda ya ɗauki baka. Da maigidana ya gaya masa ta waya cewa ya fara, an ce sai da Baba ya zagaya ƙauyen kaf yana faɗa. Kullum ya kira sai ya tambaya, kullum amsar ita ce, "Ana nan ana fama, Baba." To ga Baba ya zo da kansa, wata biyu zai yi, kuma mun san ba lallai ya sake hawa jirgi ba. Maigidana bai faɗa ba, amma na ga abin da yake so: ya ajiye barewa a gaban mahaifinsa kafin ya koma.

Asabar shida ta wuce, shiru. Ya rame, ya daina hira a kan abinci. Tsokanar tukunya na rage mata murya saboda kunyar suruki, amma ban daina ba, Allah Ya yafe mini. Baba kuwa ba ya tambaya. Yakan ce, "Daji sai haƙuri," ya ci gaba da jan carbinsa, wannan ya fi tambaya ciwo.

Da farko a ɗakin kwana nake turaren, don kada hayaƙi ya taɓa wa Baba ido. Ran nan likita ya ce ido ya yi kyau, sai na fito da kabbasa falo. Baba yana kishingiɗe a kan darduma. Ya ɗaga hanci.

"'Yata, wa za a ɗaura wa aure?"

"Ba kowa, Baba. Kayan dajinsa ne, gobe zai fita."

Ya tashi zaune. "Miƙo mini rigar."

Na durƙusa na miƙa. Ya shinshina ta ciki da waje.

"Tun yaushe kike yi masa wannan hidimar?"

"Tun da ya fara, Baba."

Sai tsohon nan ya fashe da dariya, yana yi yana dafe idon da aka yi wa aiki. Da ya ga fuskata ya tsagaita. Ya ce, "Ba ki yi laifi ba, ba ki sani ba ne. Barewa da hanci take gani. Mu idan za mu shiga daji, kwana uku ko sabulu ba ma taɓawa, da ganye muke murza jiki. Wannan kuwa, kafin ya kashe mota duk barewar dajin ta san ango ya iso."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga baya kunyar ta koma fushi. Da maigidana ya dawo na ja shi kicin na rufe ƙofa.

"Ka san turare yana korar barewa?"

Ya sosa ƙeya. "Na sani. Tun day one Baturen ya gaya mini. Cewa ya yi tun daga bakin gona yake jin zuwana."

"Shi ne ka yi shiru? Shekara uku ina yi maka dariya!"

"Na gwada shanya su a reshe su sha iska. Turaren Hajiya ba ya jin iska."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya kalli tukunyar da ke kan wuta. Ya ce, "Ranar Juma'a ce kaɗai nake dawowa in tarar kina waƙa. Ya zan ce ki daina? Bana ma kullum sai in ce next week zan faɗa miki, in kasa."

Na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka mai isata, shi kuma yana tsaye yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Ban da ta washegari, Asabar biyu ta rage. Baba ya ce waɗancan kayan sun gama aiki, sai dai a je Idi da su. Muka sayo na gwanjo, na wanke da ruwa zalla sau uku. Ni da nake toshe hanci, ni ce na bi bakin titi da leda ina kwasar busasshen ganye, ɗalibai suna kallona. Na ɗora kabbasa a saman kabad. Muka bar tagogin mota a buɗe, gidan ya koma ba ƙamshin komai, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Asabar ta farko barewa ta zo har gindin bishiyar. Bai taɓa ganin ta kusa haka ba, ya yi garaje, kibiya ta bi ta saman bayanta. Baba ya ce, "Madalla. Yanzu ka fara farauta."

Asabar ta ƙarshe har azahar bai dawo ba. Akwatin Baba yana ɗaure a bakin ƙofa, jirginsa Litinin. Na share falo sau biyu. Da na ji motar na fita, amma ban yi tambayar tukunya ba. Ya sauko jikinsa duk ƙasa da jini, bai kalle ni ba, ya zagaya ya buɗe bayan motar.

Baba ya fito ba sanda. Bai yarda da sabon idonsa ba, hannu ya sa. Ya shafa wuyan, ya bi kafaɗa, har yatsansa ya tsaya a inda kibiyar ta shiga.

"Ka yi bisimilla?"

"Na yi, Baba."

"Ka same ta da rai?"

"Da sauran numfashi. Na yanka."

Baba ya gyaɗa kai. Hannunsa yana kan barewar, ɗayan ya ɗora a kan ɗansa, mutum mai furfura a gemu, ya bar shi a wurin. Ya ce a cire cinya ɗaya a kai wa mai gona, hantar kuma tawa ce, tunda ni na yi musu kiwon dabbobin shekara uku har suka yi ƙiba haka.

Damina biyu bayan nan Baba ya rasu. Ba mu sake ganinsa ba, amma an ce kilishin da na yi masa a ranar Lahadin ba gidan da bai kai wa ba a ƙauyen. Har yau idan ganye ya fara ja nakan ɗora kabbasa a saman kabad, in ɗauki leda in fita bakin titi, kuma Baba nake tunawa a tsaye a bayan motar nan. Ni da nake zaton ina rage murya, ashe duk Asabar yana jina. A ranar ya juyo, idon da aka gyara yana zubar da ruwa, ya ce:

"'Yata, yau ba ki tambaya ba. Ɗora babbar."