Sada Mai Mabuɗin Ƙofar Gilashi

Duk wanda ya yi wayo a Kankia zamanin da kuɗin mai suka cika ƙasar nan ya san Sada, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan da ke zaune kan benci a cikin kantin Alhaji Babba, da mabuɗi rataye a wuya kamar laya. Mutumin Dudunni ne. Tun yana ƙarami ubansa ya kawo shi gidan Alhaji. Nan ya girma, nan ya koyi gyaran rediyo da jan waya, kuma Alhaji ne ya yi masa aure.

Shekarar da Alhaji ya samu kwangilar hanya sai ya je Ikko, ya ga ƙofar gilashi mai buɗe kanta. Mai kuɗi kuwa ba ya gani ya ƙyale. Ya gina kanti a bakin titin Kano, ya sayo janareto, aka kawo ƙofar. Da aka ce masa gilashi ba ya tsare ɓarawo, ya ce a haɗa mata jiniya. Wani ma'aikaci ya zo daga Kano suka yi aikin tare da Sada. Suka manna ɗan maganaɗisu a gefen gilashin, ɗan'uwansa a jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, suka ja waya har saman rufi. In an tashi kanti abubuwan nan biyu suka rabu, jiniya ta tayar da gari. Da rana ma in ƙofa ta daɗe a buɗe sai ta yi kuka, wai ko wani ya tokare ta. Ba ta yin shiru sai an murɗa mabuɗi an danna wasu maɓallai bi da bi, kuma Sada kaɗai aka nuna wa.

To, wanda ya ƙera ƙofar nan bai taɓa gaisawa da Bakatsine ba. Dattijo zai zo daga Yashe, ya taka shimfiɗar robar da ke bakin ƙofa, ƙofa ta wangale, shi kuwa ya tsaya ya yi sallama yana jiran a amsa. An amsa, sai ga wani idon sani zai fita. Nan za su toge, ina gajiya, ina iyali, ina mai jiki, yaya muka ji da ruwa. Kafin a kai ga tambayar dabbobi jiniya ta ɗauka, mata su zubar da kaya, awaki su watse. Sada ya taso da mabuɗi. Ranar kasuwa ko abinci a tsaye yake ci.

Ya roƙi Alhaji a cire na rana. Alhaji ya ƙi, don kukan na jawo 'yan kallo, ɗan kallo kuma ba ya rasa sayen ko ashana. Sada ya ce to a bar shi ya koya wa wani.

"Sirrin ƙofa in ya kai kunne huɗu ya zama na ɓarayi," in ji Alhaji. "Kai ɗana ne, Sada. Wa gare ni in ba kai ba?"

Magana mai daɗi ke nan, kuma ita ta ɗaure shi.

Ana cikin haka ubansa ya rasu, ya bar masa gona a Dudunni, jigawa mai kyau da tsamiya a tsakiya. A ƙauye gona ba ta zama banza. In damina ta wuce ba a shuka ba, manya kan ba wani aro, aro kuma in ya tsufa sai ya manta ubangijinsa. Baffansa Buba ya zo takanas.

"Sada, Sodangi maƙwabcinku shina son aron gonar tsohonka. Ka taho ka sa iri, ko kunya goma ce, mutane su gani."

Sada ya ce yana tafe da ruwan farko. Ruwan farko ya sauka yana kallonsa ta gilashi, Alhaji ya ce bari Salla ta wuce. Salla ta wuce, ya ce bari ya dawo daga Makka. Haka damina ta bi damina, har manya suka ba Sodangi aron gonar. Ni mai ba ku labari teburin shayina na daura da kantin, kuma abin ya ishe ni. Na ce masa waya ɗaya ce fa, ka sa filaya ka datse, a ce ta lalace.

"Mi zan ce ma Allah?" ya ce. "Amana ce."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, ban kuma san da wa nake fushi ba, shi ko Alhaji.

Ba Alhaji ne ya sake shi ba, ƙofar ce ta gaji. Kuɗin mai suka ja baya, kayan gyara suka daina shigowa, injinta ya ƙone. Aka kawo ƙofar ƙarfe da kwaɗo, Alhaji ya ce, "To Sada, ka tahi ka gano gida."

Da kaka ya isa Dudunni. Baffa Buba, wanda aka yi aron a gabansa, ya daɗe da rasuwa. Gonar ta sha sabon shinge, 'ya'yan Sodangi da aka haifa bayan aron suna ɗaurin dami. Sodangi ya tarbe shi hannu biyu biyu, ya shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, aka kawo fura mai sanyi. Suka yi hirar mamata da ta farashin taki. Sada ya yi ta neman inda zai sako maganar, kunya ta hana shi, har la'asar ta yi.

Da ya miƙe zai tafi, Sodangi ya zaɓo dami mafi girma ya ɗaure masa a bayan keke.

"Baƙo ba shi komawa hannu rabbana," ya ce. "Ka kai ma iyali su ɗanɗana geron gonarmu."

Sada ya rusuna, ya ce Allah ya saka da alheri.