Kujerar Alhaji

Ban taɓa mantawa da ranar da na goge mamaci daga cikin motarsa da ɗan yatsan nan nawa ba. Ku yi dariyarku, yaran gareji, ni ma yanzu ina yi. Ran nan dai ban yi ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Masa Ɗanjuma, wato Oga Ɗanjuma, mai gyaran wayar mota, na bakin Moshi Zongo a Tamale. Aji uku na yi a makaranta, malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Tsawo kuwa, ni da buhun masara in an tsayar da mu sai an duba da kyau.

Wata Laraba bayan Babbar Sallah, Hajiya Rabi ta Choggu ta kawo wata babbar mota hom-yus, irin na hannu da ake shigowa da su daga waje. Mitocin gaban direba ne suka haukace: allurar mai ta kwanta, ta gudu tana rawa. A motocin da, igiya ce ke tahowa daga giya ta juya allura. Na yanzu ba haka ba ne. Kowace allura da ɗan injinta a baya, ƙwaƙwalwar mota ce ke aiko masa da saƙo ta waya. Na cire allon, na tarar zafin Tamale ya tsattsaga dalmar da ke riƙe da ƙafafunsa. Na narka sabuwa, na mayar. Aiki ya yi kyau, har na yaba wa kaina tunda ba wanda zai yi.

Saura gwaji a titi. Na matso da kujera don ƙafata ta kai birki. A jikin ƙofa na ga maɓallai, ɗaya da rubutun Turanci, sauran da lamba ɗaya da biyu. Hannuna ba ya ganin maɓalli ya wuce. Na danna mai rubutun, na danna ɗaya, mota ta yi "ƙit". Na ce, "Naa," yadda ake amsa gaisuwa a nan, na ɗauka gaishe ni take.

Da la'asar Hajiya ta sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku. Kafin ta shiga motar, ta danna lamba ɗaya ta tsaya tana kallo. Kujera ko motsi. Ta sake dannawa.

"Masa Ɗanjuma, me ya sami kujerar Alhaji?"

"Wane Alhaji, Hajiya?"

"Maigidana. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Dogo ne. Kullum da safe nakan danna nan, kujerar ta ja baya ta kwanta yadda yake zama, in yi masa addu'a, sannan in danna biyu in tafi kasuwa."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na ji sauƙi. Na so in ɗora wa batir laifi, ƙaryar ta zo har bakina, sai na ga yadda ta dafa ƙofar. Na ce, "Hajiya, ni ne. Na danna abin da ban sani ba."

Garejin da ke jikin nawa na Masa Alhassan ne, Badagombe, shekara da shekaru muna tsokanar juna. Da ya sayi na'urar binciken mota ni na raɗa masa "bokan kwamfuta". Wurinsa na je, hula a hannu.

Ya ce, "Yau gajere ya zo wurin boka?"

"Zage ni gobe. Yau taimake ni."

Ya zo ya duba, ya yi mini bayani kamar ɗan koyo. A ƙarƙashin kujera akwai ƙananan injuna, kowanne ana ƙirga juyinsa. Akwatin da ke wurin ba ya sanin mutum, ƙirgen kawai yake ajiyewa. In ka danna mai rubutu sannan lamba, sabon ƙirge ya hau kan tsoho, tsohon ya tafi. Na ce to mu ja kujerar baya mu kintata. Hajiya ta girgiza kai. Ta ce, "Wannan zaman wani ne zai zama, ba nasa ba."

Alhassan ya shafa gemu. Can ya ce, "Mma Hajiya, Alhaji yana da makullinsa daban?"

"Yana nan cikin aljihun rigarsa. Ban taɓa shi ba."

Ya ce irin wannan motar takan riƙe zaman kowane makulli daban da na maɓalli, amma bai yi alkawari ba. Na hau babur ɗina na bi bayan yalo-yalonta har Choggu. Ta daɗe a ɗaki. Da ta fito idonta ja, makulli a dunƙule cikin mayafi.

Muka dawo gareji. Alhassan ya kulle mota, ya ce ita za ta buɗe. Ta danna. Sai muka ji kukan injin a hankali: kujera ta ja baya, ta sauka, ta ɗan kwanta, madubin gefe ya juya. Wallahi har na matsa gefe kamar mai ba wani hanya. Alhassan ya danna mai rubutu, ya danna ɗaya, ya kama hannuna ya saka mini a aljihu.

Tun ranar ban ƙara ce masa boka ba, sai dai in ba ya kusa. Na gode masa, na gode wa Allah da ya rufe bakina daga ƙarya, don da na ce batir ne, da ba wanda zai tambayi makulli. Ku kuma da kuke koyo, motar da aka kawo muku ba waya da ƙarfe kaɗai ba ce, mai ita ya bar abubuwa a ciki da ba zai faɗa muku ba. Abin da ba ku sani ba, ku tambaya kafin ku danna.

Da za ta tafi na sake ba ta haƙuri. Ta dubi makullin a tafin hannunta, ta ce, "Masa Ɗanjuma, wata takwas na kasa buɗe aljihun rigar nan. Sai da ka yi wautarka."