Inna Hasiya Mai Wankan Jego, Wadda Ta Bambance Kunya Da Ciwo

Da zarar gari ya fara haske bayan sallar asuba, Inna Hasiya za ta ƙulle ganyen darbejiya da na runhu a tsohon zani, ta yafa mayafi, ta fito bakin titin Tudun Wada ta tsayar da adaidaita sahu. Direbobin layin duk sun san ta. Wani zai ce, "Inna, yau kuma wane gida aka sauka?" Ita kuma ta ce, "Ja mu je, ɗan nan, ai ba kai za ka yanka ragon ba."

Nassarawa GRA za ta, unguwar masu hali. Wankan jego ne sana'arta, fiye da shekara talatin ke nan. Idan mace ta haihu ta dawo gidan iyayenta, Inna Hasiya ake aika wa. Ita za ta wanke jariri, ta gasa masa cibi, ta wanke uwar, ta gasa mata jiki, safe da yamma har a yi arba'in. Gidajen unguwar suna da hita mai dafa ruwa a kowane banɗaki, amma ba ta taɓa yarda da ruwan da ba ta tsoma gwiwar hannunta ciki ba. Idan kaka ta ce a ƙara zafi don jiki ya yi ƙwari, sai ta ce, "Hajiya, wanka aka ce in yi mata, ba figar kaza ba." Kunun kanwa ma ta rage shi tun da malaman asibiti suka ce mata yana iya taɓa zuciyar mai jego. Ba ta jin nauyin cewa, "Da muna yi, an ce mana da illa, na bari."

Bana gwiwoyinta sun gaza. Ɗanta Mahmudu zai mayar da ita gida Ringim ta huta, shi ya sa na ga ya dace a faɗi wace ce ita tun tana jin mu da kunnenta.

Garba, maigadin wani gida da ta yi wa aiki, yana ba da labarin lokacin da matarsa Larai ta haihu a ɗakunan baya, daidai sa'ad da 'yar masu gidan take jego a sama. Babu wanda ya tuna da Larai. Inna Hasiya ta ji kukan jariri daga wajen shanya, ta leƙa, daga ranar kuwa sai ta gama da na sama ta zagaya baya da ragowar ganyenta. Garba ya ce, "Wallahi yadda ta riƙe ɗan Alhaji haka ta riƙe nawa. Har tsiya take yi masa, wai mijin nata ya fiye hanci."

Amma labarin da ya sa na ɗauki biro na Najla ne, kuma ita ta ce in rubuta shi da sunanta.

Najla ta haifi ɗanta na fari, ta dawo gidan mahaifiyarta Hajiya Aishatu. Yarinya ce mai digiri, mai surutu da dariya, wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta. Sai ga shi bayan haihuwa ta yi shiru. 'Yan barka su cika falo, a miƙa mata jariri ta kawar da kai. A ce ta ba shi nono, sai an fita an bar ta, kuma sai an yi ta fama. Aka raɗa masa suna Usaid, ba a taɓa jin sunan a bakinta ba.

Tsofaffin dangi suka ji daɗi ƙwarai. A al'adarmu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa. Kunyar nan ta yi ƙaranci a wajen 'yan yanzu, musamman a GRA, inda mai jego take ɗaukar hoto da jaririnta tun a gadon asibiti. Gwaggonnin Najla suka riƙa cewa, "Ashe boko bai cinye ta ba. Aishatu, kin iya tarbiyya." Hajiya Aishatu ta yi murmushi, ranta fari.

Inna Hasiya tana da wata ɗabi'a da ba kowa ya lura da ita ba. Idan ta gama wanke jariri ba ta kai wa kakarsa. Kusa da uwar take kwantar da shi, ta ce, "Bari in je in dubo ruwa," ta ja ƙofa, ta je kicin ta zauna ta sha shayinta a natse. Ta san halin masu kunya. Ana ja musu ƙofa suke wawuro ɗan, su shinshina shi, su ƙirga yatsunsa, suna jin takunta su yi maza su ajiye. Za ta tarar an juya shi, ko hularsa ta karkace, ko uwar tana gyara zani tana kallon silin. Dariyarta take yi a ciki.

A ɗakin Najla kuwa, yadda ta ajiye Usaid haka take tarar da shi. Ko lanƙwasar tawul ba ta sauya ba. Ran nan ta dawo ta same shi yana tsala kuka, uwar tana zaune ta ba shi baya, ta zuba wa labule ido.

Ba ta yi mata faɗa ba. Ta goya yaron har ya yi barci, ta ja Najla banɗaki, ta zaunar da ita a kujerar tsuguno, ta fara gasa mata baya da tawul. Can ta ce, "Najla, nan dai ba gwaggo, ba 'yan barka. Ni ce kawai, ni kuma babu abin da ban gani ba. Me yake damun ki?"

"Ba komai, Inna."

"To. Ni ma ba sauri nake ba."

Ta ci gaba da gashin. Sai ta ji sheshsheƙar kuka. Najla ta ce, "Inna, idan na kalle shi ba na jin komai. Kowa cewa yake Allah ya yi mini baiwa, ni kuma kuka nake so in yi. Ba na iya barci ko da ya yi. Wani lokaci sai in ji da ba na nan da duk sun huta." Ta riƙe hannun tsohuwar ta ce, "Don Allah kar ki gaya wa Mama. Za a ce ni muguwar uwa ce."

"Muguwar uwa ba ta kuka a kan wannan," in ji Inna Hasiya. "Amma ba zan yi miki alkawarin yin shiru ba. Kin kusa arba'in, za a mayar da ke gidanki, mijinki ya tafi ofis, a bar ki ke kaɗai da yaro da wannan tunani. Ban yarda ba."

Ta sami Hajiya Aishatu a ɗakinta, ta durƙusa da gwiwoyin nan masu ciwo, ta ce, "Hajiya, abin da ke jikin Najla ba kunya ba ce. Ba ta da lafiya."

Ran Hajiya ya ɓaci. "Haba Hasiya! Yarinya ta yi abin da muka yi a zamaninmu, sai a ce ciwo ne? Ke ba ki yi kunyar ɗan fari ba?"

"Na yi, Hajiya. Har yau ban iya kiran sunan babban ba. Amma idan ɗaki ya zama daga ni sai shi, cinye shi ne kawai ba na yi. Ke fa?"

Hajiya ma ta tuna nata.

Inna Hasiya ta ce, "Najla ko a ɓoye ba ta taɓa shi. Ban san sunan ciwon da Turanci ba, amma na gan shi a gidan mai kuɗi, na gan shi a gidan talaka. Akwai wadda na yi wa wanka tun ina sabuwar hannu, muka yi ta yabon kawaicinta, daga baya aka rasa yadda za a yi da ita. A yi addu'a, a kuma kai ta asibiti."

"Wajen likitan ƙwaƙwalwa? A ce 'yata ta taɓu? Dangin mijinta su ji?"

"Su ji tana shan magani ya fi su ji wani labarin."

Da Badaruddeen, mijin Najla, ya zo da yamma, Inna Hasiya ta tare shi tun a baranda. "Angon ƙarni, kullum ka zo ɗanka kake ɗauka kana washe baki. Yau ajiye shi, shiga ka kalli matarka." Ya shiga. Ya daɗe bai fito ba, da ya fito idonsa ja, makullin mota a hannu.

Likitar da ta duba Najla ta ce ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ta ce babu ƙasar da ba a samun sa, ba laifin uwa ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani. Aka ɗaga komawarta gidan miji. Wankan jego ya ƙare, amma Inna Hasiya ba ta daina zuwa ba. Za ta zauna a bakin gado ta ɗora yaron a cinyar uwar, ta ce, "Riƙe mini mijina, hannuna ya gaji." Tun Najla tana riƙewa don kar ta ƙi maganar babba, har aka zo ranar da Inna ta miƙa hannu za ta karɓa, Najla ta ce, "Bar shi tukuna, Inna."

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba, akwai makonnin da aka koma baya. Amma ranar da za ta koma ɗakinta, dangi sun taru a falo, Najla ta sauko da yaron a kafaɗa, ta ɗaga shi sama a gaban kowa ta ce, "Usaid, yi wa su Gwaggo sallama." Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga rashin ta-ido! Ɗan farin?" Hajiya Aishatu, tana share ido da gefen mayafi, ta ce, "Yaya, ƙyale ta ta kira. Ta ƙara kira ma."

Inna, ke ce kika shiga gidajen da ba su rasa komai ba kika ga abin da aka rasa a ciki. Ke ce uwar masu jego, mai hannun albarka. Mata da yawa a unguwar nan kin ga hawayensu, ba a taɓa jin zancen a bakin titi ba, kuma inda shiru zai cutar kin yi magana ko da za a ji haushinki. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyinki lafiya, ya jiƙan magabatanki, ya sa aljanna ce makomarki.

Mu kuma da muka rage, mata da maza, ba sai mun iya gasa cibi ba. Idan mun je barka, mun ɗauki jariri mun yaba kyansa, mu ajiye shi mu matsa kusa da uwar, mu tambaye ta, "Ke fa, ya jikin naki?" Idan ta ce da sauƙi, kada mu yi saurin tashi.